Babi na Bakwai: Juma'a a Kasuwar Wudil

A gidan Bahaushe, tun ranar da aka kai amarya ɗakinta ake raba aiki gida biyu. Cefane na maigida ne, tukunya ta matar gida ce. Shi zai fita ya sayo, ita ta karɓa ta sarrafa. Sai a yi shekara talatin ko arba'in a haka, mutum yana sayo kukar da bai taɓa kaɗa miyarta ba, mace kuma tana tuƙa hatsin da ba ta ga buhun da aka ɗebo shi ba. Kowannensu gwani ne a rabin aiki, ɗaya rabin kuwa sai dai labari. Daga nan yawancin ƙananan ƙorafe-ƙorafen gida ke tasowa. Ita tana ganin bai iya zaɓe ba, shi yana ganin ba ta san yadda kasuwa ta koma ba.

Ba wai matan Hausawa ba su san ciniki ba ne. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna a littafinta da ya fito a 1972 cewa ciniki mai tarin yawa a ƙauyen Bahaushe cikin gidaje ake yin sa, matan aure ke riƙe da shi, yara ke kai talla. Mace tana iya shekara da shekaru tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da hatsi ba ta taka kasuwa ba. Abin da al'ada ta ƙi shi ne matar aure mai ƙuruciya ta shiga cunkoson maza. Amma al'adar da kanta takan sassauta idan shekaru suka ja. Dattijuwa tana zuwa kasuwa, tana zuwa unguwa, tana zuwa masallacin Juma'a, babu mai ɗaga mata ido. Ke nan daidai lokacin da aikin gwamnati ya saki mutum, lokacin ne al'ada ta saki matarsa. Dama ce ta zo wa mutum biyu a tare, amma kaɗan ne suke amfani da ita.

A babin da ya gabata mun yi maganar fansho da giratuti da yadda ake bin su. A nan za mu bi wasu ma'aurata da suka ajiye aiki, mu ga yadda suke cin kasuwar Wudil. Za mu kira su Malam da Hajiya, kamar yadda suke kiran junansu. Malam tsohon malamin firamare ne, yana cikin samarin da aka ɗiba aikin koyarwa bayan ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, kuma ya kai hedimasta kafin ya cika shekara 35 a bakin aiki. Hajiya unguwarzoma ce da ta zagaya asibitocin karkara. Duk da ta yi aikin albashi, cefanen gida bai taɓa barin hannun Malam ba sai bayan da su biyun suka dawo gida suka zauna. Yanzu sau ɗaya a wata suke fita tare.

Kama hanya

Ƙasar Hausa cike take da garuruwan da kasuwarsu ke ci rana ɗaya a mako. Maigatari ranar Alhamis, Dambatta da Mai'aduwa ranar Lahadi, wasu garuruwan ma ranar kasuwar ce ta zama sunansu, irin su Talatar Mafara da Larabar Abasawa. Ɗan kasuwa yana iya tashi daga wannan ya faɗa wancan har mako ya zagayo. Wudil tata ranar Juma'a ce. Garin yana kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a kan hanyar Maiduguri, daidai inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta bi ta Gaya ta nufi Azare da Potiskum, ɗaya ta bi ta Birnin Kudu ta nufi ƙasar Bauchi. Yawancin abin da ya taso daga gabas zai shiga Kano ta nan yake ratsawa, shi ya sa kasuwar ta yi ƙarfi.

Shirin tafiya tun daren Alhamis ake yin sa. Hajiya za ta shiga ɗakin ajiya ta buɗe kowace roba da kowane kwano, tana faɗa, Malam yana rubutawa a tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta: gero, dawa, wake, kuka, kuɓewa, daddawa, kanwa, man shanu. A ƙasan shafin akwai sautun maƙwabta, kowa da abin da ya bayar da abin da yake so. Da asuba bayan an idar da salla sai su sha koko da ƙosai, Hajiya ta saka maganin hawan jinin Malam da gorar ruwa a jaka, ta naɗe buhuna uku marasa komai, su fito titi kafin rana ta yi zafi.

Motar haya takan bi da su ta Mariri, inda ake sauke goro daga Kudu, sannan gidaje su fara raguwa, gonaki su buɗe. A wannan fitar lokacin kaka ne. An yanke dawa, an jingine kara, hazo ya fara sauka. Malam, wanda ya yi koyarwa a ƙauyukan wannan yanki, yakan nuna wa Hajiya kwanar da yake sauka da kekensa a da, ita kuma ta nuna masa hanyar wani asibitin da ta taɓa kwana tana karɓar haihuwa da fitilar ƙwai. Sun sha ba juna waɗannan labarai a gida, amma sai a kan hanyar nan kowa ke ganin wurin da ɗan'uwansa ya sha wahalarsa.

Da an wuce Garindau sai gada. Kogin Kano da na Challawa sun riga sun haɗu kafin nan, ruwan ya zama kogin Haɗeja, wanda zai bi ta fadamun Nguru ya shiga kogin Yobe mai nufar Tafkin Chadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, yanayin kogin ya canja, ruwa ba ya zuwa da irin ƙarfin da dattawa suka sani da damina, ba ya kuma ƙafewa ƙaf da rani. Daga kan gada ana hango masu ɗibar yashi da masunta da masu noman rani a gaɓa. Nan ne kuma cunkoso yake farawa, manyan motoci da a-kori-kura da babura kowa yana neman hanya. Malam da Hajiya sukan sauka su ƙarasa da ƙafa.

Wurin 'yan awo

Hatsi suke fara saye, tun da shi ne mai cin kuɗi, kuma da safe ne manoma ke shigowa da nasu kafin 'yan sari su kwashe. A nan ne ake ganin amfanin zuwan mutum biyu.

"Baba, sannunku da zuwa. Hajiya, kwano nawa za a auna?"

"Dakata tukuna, ɗana. Bari in ga ƙasan buhun."

Hajiya za ta naɗe hannun riga ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo geron da ke can ciki, domin na sama kowa ya iya gyara shi. Ta baza a tafin hannu, ta hura, ta ga yawan ƙaiƙayin da zai tashi. Ta motsa da ɗan yatsa tana neman tsakuwa da yashi. Sannan ta jefa ƙwaya biyu a baki ta ciza. In ya fashe ƙaras, ya bushe, zai yi ajiya. In ya lotsa, da sauran danshi, kuma hatsi mai danshi kafin wata biyu ya yi fumfuna. Wannan sani ne na mai surfe da wanki da tankaɗe, wadda ta san irin geron da ke ba da farar fura da wanda rabinsa ke tafiya a dusa.

Idon Malam kuwa yana kan kwanon awo. Shekara arba'in na cefane sun koya masa cewa kwano ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki. Zai karɓa ya juya shi, ya shafa gindin, sannan ya tsaya ya ga ana cika shi har ya yi tsororuwa, yana ƙirga tare da mai awo da babbar murya. Babban buhu a ƙasar Kano yakan ci kwano arba'in, don haka ɗan abin da aka tauye a kowane kwano, in aka tara, abincin kwana biyu ne na ƙaramin gida. Ba banza ba Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu. Yawancin 'yan awo mutanen kirki ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi don an duba kwanonsa.

Sai ciniki. Mai hatsi ya faɗi kuɗi, Malam ya taya, ya ce albarka. Malam ya ƙara kaɗan, ya sake cewa albarka. Hajiya ta karkaɗe hannunta ta ce, "Malam, mu leƙa gaba." Ba su yi taku uku ba sai a ji, "Baba, dawo. Na sallama, don Hajiya." In an gama awo ita ce za ta ce, "To ina gyara?" Ya ƙara tafi biyu, kowa ya yi wa ɗan'uwansa addu'ar albarka.

A wurin wake Hajiya ta fi tsanantawa, kuma a nan aikinta na asibiti yake fitowa. Takan ɗebo ta kai hanci. Wake yana saurin yin ƙwari, saboda haka wasu masu ajiya suke zuba masa maganin feshi wanda ba a yi shi don abinci ba. Abin ya kai har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. In ta ji ɗan wari mai hawa kai, ko ta ga tsohon wake sumul babu huda ko ɗaya alhali ba a cikin rufaffen buhu yake ba, sai ta wuce. Sabon wake take saye a hannun manomi, in sun koma gida ta ƙara shanya shi, ta zuba a jarka ta toshe bakin sosai, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska, kuma ba a bukatar ɗigon magani.

Daga nan sai layin kayan miya, inda Malam ke komawa ɗalibi. Kuka mai kyau kore ce shar, wadda aka shanya a inuwa, in ta yi fari-fari ta sha rana ko ta tsufa. Daddawar kalwa daban, ta waken suya daban, kuma hanci ne ke raba su. Man shanu ana lakato shi a murza a bayan hannu. Ranar da ya fara ganin wannan, Malam ya ce wa Hajiya, "Ashe duk shekarun nan haƙuri kike yi da abin da nake kawowa." Ta ce, "Ni ma ai ban san haka kuke shan rana ba." Maganganu biyu ne gajeru, amma akwai gidajen da aka yi zaman shekara hamsin ba a faɗe su ba.

Lissafin ɗan fansho

Me zai sa dattawa su bar kantin unguwa su yi wannan tafiya? Amsar farko tana cikin aljihu. Lokacin da Malam ya fara karɓar albashi, naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, ta fi dalar Amurka daraja. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya fara karya ta, kuma a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, abinci ya bi shi, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka duba albashin ma'aikata, amma a jihohi da yawa ɗan fansho yakan daɗe yana jira kafin ƙarin ya iso gare shi, alhali kasuwa ba ta jira.

Wanda kuɗinsa ke tsaye wuri ɗaya, farashi yana gudu, dabara biyu ta rage masa: ya sayi abu a lokacinsa, ya kuma saye shi kusa da inda aka noma shi. Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada da bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Kowane hannu da buhu ya bi kafin ya iso kantin unguwa, daga ɗan sari zuwa mai mota zuwa ɗan dako zuwa mai sayar da kiri, sai ya ɗora nasa. Ma'aikaci ba shi da Juma'ar da zai ɓatar a Wudil. Ɗan fansho yana da ita, kuma lokaci shi ne jarin da ajiye aiki ya ba shi.

Sai dai a yi lissafi da gaskiya. In mutum biyu za su biya kuɗin mota zuwa da dawowa, da dako, da abincin rana, don su sayo kwano biyar na gero, faɗuwa suka yi. Shi ya sa Malam da Hajiya ba sa zuwa kowane mako, kuma suke karɓar sautu. Gida huɗu ko biyar in suka haɗa kuɗi, aka sayi buhu aka raba, kowa ya sa wani abu a kuɗin mota, riba ta fito. Wani amfanin kuma, mutanen unguwa sun sake samun dalilin yin sallama a ƙofar gidan, wanda tun da Malam ya bar ofis sallamar ta ragu.

Maganar kuɗin hannu ma sun koyi darasi a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da kasuwannin ƙauye suka tsaya cik saboda rashin tsaba. Yanzu masu POS suna ko'ina, manyan 'yan kasuwa suna karɓar tiransifa, amma Bafillatanar da ta kawo man shanu da tsohon da ya kawo kuka tsaba suke so. Sukan raba tsabar da suka ɗauko gida biyu, rabi a aljihun ciki na Malam, rabi a lalitar Hajiya, sauran kuma a bar shi a banki sai an tashi biyan babban kaya.

Tsakar rana

In rana ta take, sai a kai kayan rumfar wani mai hatsi da suka saba da shi a ajiye. Ladan na kiran salla kasuwa ta lafa, a ja buhu a rufe kaya, maza su nufi masallaci. Hajiya takan shiga gidan wata tsohuwar abokiyar aikinta da ke cikin gari, ta yi salla, ta miƙe ƙafa, su taɓa hirar 'ya'ya da jikoki da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan an sauko ne Malam ya fi haɗuwa da mutanensa. Wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a ƙauyuka ba ya ratsa kasuwar yankin ba a gane shi ba. Wani magidanci mai furfura a gemu zai taso daga rumfar 'yan koli, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Malam, ba ku gane ni ba. Kun koyar da mu lissafi a aji biyar."

Malam zai riƙe hannunsa ya tambayi sunan mahaifinsa da ƙauyensu, kafin a jima ya tuno har wurin da yake zama a aji. Mutumin zai so ya cika musu leda da kaya kyauta. Malam ba ya yarda. Yakan ce, "Kasuwa ka zo, iyali kake nema wa. Ka karɓi kuɗinka, ka yi mini gyara." Zai dawo wurin Hajiya da fara'ar da ba ta cika gani a gida ba. Mutumin da a birni ya zama tsoho mai zama a ƙofar gida, a nan an tuna masa cewa aikinsa yana tafiya da ƙafafunsa.

Abincin rana mai sauƙi ne. Garin bakin kogi ne, ba a rasa kifi, tarwaɗa ko karfasa, soyayye ko banda. Su sami benci a inuwa, su ci, a dama musu fura da nono ba sukari, Hajiya ta miƙa wa Malam ƙwayar maganinsa ta tsaya har ya haɗiye.

Kara

Sunan Wudil a Najeriya da shanu ya fita. Kararta tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, kuma ranar Juma'a tireloli ke lodi su nufi Legas da sauran biranen Kudu. Ko ba ka da kuɗin saye, wurin abin kallo ne: farare na Bunaji, jajaye masu dogon ƙaho na Rahaji, Gudali masu gajeren ƙaho da faɗin jiki. Malam da Hajiya ba sa kutsawa tsakiyar shanu, don wurin ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Gefen tumaki suke nufa, inda ake ɗaure Balami da Uda da 'Yankasa.

A wannan fitar Hajiya ta kwashi adashi, kuma ɗan rago take so ta turke kafin Babbar Salla. Kuɗinta ne, ragonta ne, Malam rakiya ya yi da bakin ciniki. Sun nemi dillalin da suka sani, domin a kara dillali ba mai haɗa ciniki kaɗai ba ne. Shi ne ya san mai dabba, shi za a nema in daga baya aka ce ta sata ce, kuma la'adar da ake ba shi kuɗin wannan amana ce. Ya kawo musu ɗan 'Yankasa fari mai baƙi a ido. Malam ya buɗe bakinsa ya duba haƙora: duk na nono ne, bai fitar da manyan biyun farko ba, waɗanda ke fitowa bayan shekara guda, ke nan yana da sauran girma a gaba. Hajiya ta ja fatar idonsa ta ga ja ce ba fari ba, ta duba hanci babu majina, ta ɗaga wutsiya babu alamar zawo, ta sa aka sake shi ya taka don ta ga ko yana ɗingishi. 'Yankasa ba ya kai Balami girma, amma yana da juriya, kuma dusa da harawa da ƙaiƙayin gida sun ishe shi. Aka yi ta albarka har aka daidaita, dillali ya haɗa hannun Malam da na mai rago, aka biya la'ada, aka karɓi takardar shaida.

Saura abu biyu. Wudil ta daɗe da suna a ginin tukwane, kuma Hajiya tana son sabuwar randa. Takan ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta kasa kunne. In ta yi ƙara garau ta gasu, in ta yi dum akwai tsaga a ɓoye. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yumɓu yana tsattsafo da ɗan danshi, iska ta busar da shi ta tafi da zafin, kuma ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Na ƙarshe tsarabar jikoki: rake, ƙuli-ƙuli, goruba, da ƙaramin asusu na ƙasa ga jikar da Malam ke kira amaryarsa, wadda tun da safe ta ce in bai kawo mata komai ba ta fasa auren. Kafin la'asar ta yi sanyi sun nemi mota, an ɗaure rago a baya, randa a cinyar Hajiya. Ƙa'idarsu ce magariba ta same su a gida, don hanyar ba ta dare ba ce.

Ga 'ya'ya, ga hukuma

Da suka fara wannan fita, 'ya'yansu ba su so ba. "Baba, ku zauna ku huta, za a aika yaro." "Mama, me mutane za su ce, kamar mun kasa riƙe ku?" Magana ce ta ƙauna, kuma ana yin ta a kusan kowane gida. Amma ina roƙon 'ya'ya su sake dubawa. In ka karɓe wa tsoho cefane, ka karɓe masa lissafi, ka karɓe masa fita, ka bar masa tabarma da rediyo, ka raba shi da abubuwan da ke riƙe da ƙafarsa da ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba waɗanda suka haura shekara 65 shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma a 2023 ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici, saboda ta ɗauke shi matsalar lafiya. Yini guda a kasuwa ya haɗa tafiya, da ƙidaya, da gardamar ciniki, da gaisawa da mutane masu yawa. Kuma ya ba mata da miji aikin da za su yi tare, su shawarta, su saɓa, su daidaita, bayan 'ya'yan da suka haɗa su hira shekara da shekaru sun watse gidajensu.

Taimakon da ya dace shi ne a sauƙaƙa musu fitar. A ƙara musu kuɗin mota su ɗauki kujerar gaba. A haɗa su da jika mai ƙarfi ya riƙe kaya, shi ma ya koyi duba kwano da cizon gero. A saya musu takalmi mai taushi. In lafiya ba ta ba da damar tafiya mai nisa ba, kasuwar da ke kusa ta wadatar. Mai mata fiye da ɗaya ya yi adalci, wannan wata da wannan, wancan wata da waccan. Wadda mijinta ya rasu ta fita da ƙawarta ko ƙanwarta. A inda tsaro ya taɓarɓare kuwa, kamar yankunan Zamfara da aka rufe kasuwannin mako a 2021, rai ya fi hatsi, a jira hanya ta yi kyau.

Ƙananan hukumomi da shugabannin kasuwa su ma da nasu. Kowace ranar kasuwa ana karɓar haraji a kan buhu da kan dabba da kan mota. Kaɗan daga ciki ya isa a kafa rumfa mai benci, a gyara banɗaki na maza da na mata, a ja famfo, a ware wurin sauka da hawa nesa da tireloli. Rashin banɗaki mai tsabta kaɗai yana hana dattijai mata da yawa fita, ko ya sa su ƙi shan ruwa yini guda cikin rana. Waɗannan mutane su suka koyar da masu kasuwar, su suka karɓi haihuwarsu, bai kamata su rasa wurin zama a cikinta ba.

Wanda ya kusa ajiye aiki ya fara tun yanzu. Ya tambayi ranar da kasuwar da ke kusa da shi take ci, ya zauna da iyalinsa su rubuta abin da gida ke ci a wata, su gwada fita ɗaya da kakar bana. Ragon Hajiya kuwa yana turke a bayan ɗakin girki, kuma yadda za a ciyar da shi wata shida har ya mayar da kuɗinsa da riba, tare da sauran ƙananan sana'o'in da suka dace da ƙarfin dattijo, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.